Gizakar da ke tsinka jini

Binta: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau Malam Sani ya zo mana da zancen gizaka. Malam, ba ƙaiƙayi ne kawai ba, a sosa a wuce?

Malam Sani: Hajiya Binta, wannan ta wuce susa. A dazukan kudancin Birazil take, masana na kiranta Lonomia obliqua, mutanen can kuma su ce taturana.

Kabiru: Cizo take yi?

Malam Sani: Ko kaɗan. Jikinta ne duk ƙayoyi masu rassa, da dafi a cikinsu. Da rana sai su yi dandazo a jikin bishiya, launinsu ya saje da ɓawo. Manomi ya zo ya dafa bishiyar da tafin hannu, shi ke nan ya danne su da yawa lokaci guda.

Binta: Subhanallah! Sai me?

Malam Sani: Da farko raɗaɗi, ciwon kai, tashin zuciya. Mutum ya ɗauka abin ya wuce. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai dasashi ya fara jini, fitsari ya yi ja, jiki ya yi tabo-tabo kamar an yi masa duka. Wani ƙodarsa ta tsaya, wani jini ya zuba a ƙwaƙwalwa.

Kabiru: Wato dafin hana jini daskarewa yake yi.

Malam Sani: A'a, abin mamakin ke nan. Tunzura jinin yake yi ya riƙa daskarewa ba gaira ba dalili, har sinadaran daskarewar su ƙare. Lokacin da ake buƙatarsu, babu.

Kabiru: An ƙarar da harsashi kafin abokin gaba ya iso!

Malam Sani: Ka gama magana. Tun 1989 aka fara ganin masu wannan ciwo da yawa a jihohin Riyo Girande do Sul da Santa Katarina. Cibiyar Butantan da ke Sawo Paulo ce ta haɗa makarinsa. A tattaro gizakar da rai, a cire dafin, a yi wa dawakai allura, sannan a tace maganin daga jininsu.

Binta: Wa zai tattaro? Ni dai ba da ni ba.

Kabiru: To idan ta girma fa, Malam?

Malam Sani: Sai ta rikiɗe ta yi fukafukai kamar malam-buɗe-littafi, mai yawon dare. Ba ƙaya, ba dafi. Ko abinci ba ta ci, kwanaki kaɗan ta yi ƙwai ta mutu.