Kafin Ka Sa Hannu a Fom: Me Firamaren Lutheran Ke Nufi da Ɗanka?

[Hoto: ƙofar makaranta da sassafe, yara na shiga da jakunkunansu]

Jama'a, barkanmu da warhaka. Iyaye maza da iyaye mata, mutanen Zuru da Yauri da Birnin Kebbi da duk inda kuke kallonmu, sannunku da ɗawainiyar yara.

Kwanakin baya aka yi wa mijin wata ƙanwata canjin wurin aiki daga nan Kebbi zuwa Adamawa. Da suka sauka suka shiga neman inda za su sa 'yarsu mai shekara shida, sai maƙwabta suka nuna musu wata firamare ta cocin Lutheran, suka ce karatun wurin ba laifi. Ta je ta karɓo fom, aka haɗo mata da wata takarda mai shafi uku. Da dare ta kira ni ta ce, "Yaya, wannan takardar fa, in sa hannu kawai?" Na ce a'a, karanto mini tukuna. Hirar da muka yi daren nan ce ta haifi wannan bidiyo.

Irin wannan takarda kashi biyu ce. Kashi na farko yana faɗin manufar makarantar, wato dalilin da ya sa aka kafa ta. Na biyu yana faɗin ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai. Yawancinmu, mu faɗi gaskiya, idonmu kan tsallake duka biyun ya sauka kan layin kuɗin makaranta. Alhali kashi na farkon nan shi ne zai gaya maka abin da yaronka zai riƙa ji kowace safiya har shekara shida.

To su wane ne 'yan Lutheran? A ƙasar Zuru an fi sanin majami'un UMCA da ECWA da Baftis da Katolika, saboda haka sunan zai iya zama baƙo ga wasu. Ya samo asali ne daga Martin Luther, wani malamin addini Bajamushe, wanda a watan Oktoba na 1517 ya fito da batutuwa 95 a garin Wittenberg, yana ƙalubalantar sayar wa mutane wasu takardu da aka ce suna rage horon zunubi. A Nijeriya kuwa cibiyarsu ta Arewa tana Numan a Adamawa, inda wani likita ɗan ƙasar Denmark, Niels Brønnum, ya sauka a 1913. Daga aikinsa ne cocin LCCN, wato Lutheran Church of Christ in Nigeria, ta fito, kuma babban bishop ɗinta, Musa Panti Filibus, ya shugabanci tarayyar Lutheran ta duniya daga 2017 zuwa 2023. Akwai wani reshen dabam a Kudu, a Obot Idim ta Akwa Ibom, wanda ya faro a 1936 da 'yan mishan daga Amurka.

Abin da ya haɗa wannan coci da makaranta tun farko ba ɓoyayye ba ne. Luther ya yi imani kowane mutum ya kamata ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, cikin harshensa. Ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, cikakken littafin ya fito a 1534. Amma ina amfanin fassara ga wanda bai san baƙi ba? Shi ya sa a 1524 ya rubuta wa 'yan majalisun garuruwan Jamus wasiƙa, yana roƙonsu su buɗe makarantu da kuɗin gari. Ya ce musu arzikin gari ba ya tsayawa ga ganuwa da makamai da dukiyar da aka tara, babban arziki shi ne gari ya cika da mutane masu ilimi da hankali. Ya kuma san uzurin da iyaye za su kawo, domin shi ne dai uzurin da muke ji yau a ƙauyukanmu: wa zai taya ni aiki? Sai ya ce yaro ya yi awa ɗaya ko biyu a makaranta, sauran yinin ya koyi sana'a a gida. Yarinya ma ya ce ta samu awa guda kullum ta je ta yi karatu. A wancan zamani wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mu da muka tashi a ƙasar da Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye ƙauye suna karantar da mata, ba sai an yi mana dogon bayani kan darajar wannan tunani ba.

[Hoto: aji, malama na tambaya, yara na ɗaga hannu]

Yanzu mu dawo kan takardar. In ka karanta manufar firamaren Lutheran, ko a Numan ko a Amurka, akwai kalmar da za ka yi ta cin karo da ita: taimako. Makarantar za ta ce ta zo ne ta taimaka wa iyaye wajen tarbiyyar 'ya'yansu. Ba daɗin baki ba ne. A 1529 Luther ya rubuta ƙaramar katekisma, ɗan littafin tambaya da amsa kan Dokoki Goma, da shaidar bangaskiya, da Addu'ar Ubangiji, da baftisma, da furta zunubi, da Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ruwan inabi a coci), kuma a saman sassanta ya rubuta cewa ga yadda maigida zai koya wa iyalinsa. Maigida ya ce, tun kafin a zo kan fasto ko malamin aji. Saboda haka makarantar tana ɗaukar kanta mataimakiya, nauyin asali yana wuyanka. Ma'anar wannan a aikace ita ce za a ba yaro haddar aya ya zo da ita gida, za a sa ran ka saurare shi, za a kira ka taron iyaye a kuma lura in ba ka zo ba.

Abu na gaba shi ne wanda na fi so kowa ya fahimta, Musulmi da Kirista. A irin wannan makaranta addini ba darasi ɗaya ba ne da ake yi ranar Talata a rufe littafi. Da addu'a ake buɗe yini. Akwai darasin Littafi Mai Tsarki a kai a kai, akwai sujada, wato taron ibada irin na coci, ta dukan makaranta, galibi sau ɗaya a mako. Waƙoƙin da yara za su koya na coci ne. Zuciyar koyarwar kuma ita ce ceto kyauta ce ta alherin Allah, ana karɓarta ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, ba a sayenta da aikin kirki. Wannan ita ce aƙidarsu, kuma makarantar kirki ba za ta ɓoye maka ita don ta samu kuɗinka ba. Ni dai na fi girmama makarantar da ta rubuta wannan baro-baro a shafin farko a kan wadda za ta ce maka "ai karatu kawai muke yi", sai bayan zango biyu ka ji yaro ya dawo da abin da ba a gaya maka ba.

Akwai wata koyarwa tasu da ke burge ni, wadda kan fito a cikin manufar da kalmomi kamar "shirya yara su yi wa maƙwabcinsu hidima". Luther ya koyar cewa ba fasto kaɗai ke yi wa Allah aiki ba. Manomi da ke noma dawa, ungozoma da ke karɓar haihuwa, uwa da ke wanke jariri, kowa yana kan kiran da Allah ya yi masa, kuma ta hannunsa Allah ke ciyar da wasu. Shi ya sa ba sa ɗaukar lissafi da rubutu abin wasa. In yaron nan zai zama mai auna shinkafa a kasuwar Jega ko mai ba da magani a asibiti, to iya lissafinsa haƙƙin mutane ne a kansa.

Sai ƙa'idojin ɗauka. Takardun da ake nema ba baƙi ba ne: takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, katin rigakafi, hotuna, da sakamakon makarantar da yaro ya baro in canji ne. Shekarar shiga aji ɗaya a tsarinmu shida ce. Yawanci akan yi wa yaro ɗan gwaji don a san ajin da ya dace da shi, a kuma zauna da iyaye. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda ake samun ɓacin rai shi ne jerin fifiko. Idan gurbi ya yi kaɗan, irin waɗannan makarantu sukan fara da 'ya'yan membobin cocin da ta mallaki makarantar, da ƙannen ɗaliban da ke ciki, sannan 'ya'yan sauran majami'un Lutheran, sannan sauran jama'a. Jerin kan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma ƙashin bayansa ke nan. Wasu kuma sukan rage wa membobi kuɗin makaranta. Mutum zai ce wannan ai son kai ne. Ni ban ga haka ba, muddin an rubuta. Ginin nan da baikon membobi, wato kuɗin da suke bayarwa a coci, aka yi shi, kuma sau da yawa daga baikon nan ake cike giɓin albashin malamai. Wanda ya yi shekaru yana zuba gudummawa ya riga ya biya wani kaso tun kafin ya zo da ɗansa. Haka Islamiyyar unguwa ma kan fara da yaran unguwar da suka gina ta. Abin da ba daidai ba shi ne a karɓi kuɗin fom ɗinka alhali an san gurbi ya cika. Don haka ka tambayi yawan gurbin da ya rage kafin ka ciro kuɗi daga aljihu.

[Hoto: hannu na bin layin rubutu a kan takarda]

Ga waɗanda ke da 'yan uwa a Amurka, akwai wata jimla da za su gani a kusan kowace takardar makarantar Lutheran ta can, cewa makarantar na karɓar ɗalibai ba tare da duba launin fata ko ƙabila ko ƙasar asali ba. Can ɗin, cocin da ake kira Missouri Synod, wadda Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa can suka kafa a 1847, tana da ɗaruruwan firamare. Jimlar nan kuwa tana da tarihi. A 1975 hukumar harajin Amurka ta wajabta wa makarantu masu zaman kansu da ke son a yafe musu haraji su bayyana a fili cewa ba sa wariyar launin fata, domin a shekarun da suka gabaci wannan an buɗe makarantun kuɗi da dama a kudancin ƙasar don guje wa haɗa fararen yara da baƙaƙe a aji ɗaya. Amma ku lura, addini ba ya cikin jimlar. Ƙa'idar ta bar wa makarantar addini damar fifita mabiyanta, in dai ƙofar shiga addinin a buɗe take ga kowane launi. Wannan dokar Amurka ce, ba ta aiki a nan.

Tamu tana cikin kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 38. Ƙaramin sashe na 2 ya ce ba za a tilasta wa wanda ke zuwa makaranta ya karɓi koyarwar addini ko ya shiga ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Ƙaramin sashe na 3 kuma ya ce ba za a hana wata al'ummar addini koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da ita kaɗai ke ɗauke da nauyinta ba. Kun ga ke nan amincewar iyaye na da nauyi ƙwarai a wannan magana. Kuma a irin takardar da ƙanwata ta karanto mini, layin ƙarshe kafin wurin sa hannu yakan ce uba ko uwa sun karanta manufar makarantar, sun kuma yarda ɗansu ya halarci darasin addini da sujada. Sa hannun nan ba na karɓar fom ba ne kawai, amincewa ce kake bayarwa.

Saboda haka in kai Musulmi ne kana sha'awar karatun wurin, je ka zauna da hedimasta ido da ido. Tambaye shi ko yaronka zai iya zama a aji lokacin sujada, me za a ba shi ya yi lokacin darasin addini, yaya batun sallar Azahar in ana tashi a makare, yaya batun hijabi a cikin kayan makaranta. Abin da ya amsa, roƙe shi ya rubuta. In amsar ba ta kwanta maka ba, ka yi godiya ka nemi wata, babu faɗa. In kuma kai Kirista ne na wata ɗariƙa, kada ka ce ai duk ɗaya ne. 'Yan Lutheran suna yi wa jarirai baftisma, kuma sun gaskata Almasihu yana nan da gaske cikin gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji. Ɗan Baftis ko ɗan ECWA zai ji yaronsa ya dawo da tambayoyi kan wannan, gara ya shirya amsa tun yanzu.

Ƙanwata ta koma washegari da tambayoyinta a rubuce a bayan fom ɗin. Ta tambayi kuɗin littattafai da na yunifom da ba a sa cikin jimla ba, ta tambayi yawan yara a aji, ta tambayi irin horon da ake yi wa yaro in ya yi laifi. Ta kuma roƙa a bar ta ta zauna a bayan ɗakin sujada ranar da ake yi, ta ji da kunnenta abin da ake faɗa wa yara. Aka bar ta. Bayan ta dawo suka zauna da maigidanta suka sake karanta shafi ukun nan tare, sannan suka ɗauki biro.