Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi a Sansanin Aikin Hanya

Assalamu alaikum. Allah ya taimaki Hakimi, Allah ya ƙara girma. A madadin injiniyoyi da leburori da direbobin wannan sansani, muna yi maka lale marhabin, kai da dagatai da masu unguwannin da suka rufa maka baya. Kun sha rana, kun sha ƙura, sannunku da zuwa.

Ranka ya daɗe, ga wani akwati ruwan ɗorawa can an kewaye shi da igiya. Na'urar da ke ciki ita ke gaya mana ko ƙasar da rola ta daɓe ta daɓu, da yawan laimar da ke jikinta, kafin a zuba kwalta. A bakin sandarta akwai ɗan ƙwayar sinadarin Siziyom-137, a gindinta kuma akwai Amerisiyom-241 haɗe da Beriliyom. Dukansu suna fitar da tururin nukiliya, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya shinshina. Kuma babu makunnin kashe shi. Siziyom ɗin sai ya shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi.

A hannun wanda ya san ta ba abar tsoro ba ce. Ya zura sandar a rami, ya ja da baya, minti ɗaya ya karanta, ya ɗage ta ya kulle. Wanda ya ninka tazararsa, kashi ɗaya cikin huɗu na tururin ke isa gare shi. Kowane mai aiki da ita yana maƙale da bajon da ke auna abin da jikinsa ya ɗauka, kuma sai da lasisin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, muke riƙe ta.

Abin da ke hana ni barci, ranka ya daɗe, ɓarawo ne. A 1987, a garin Goyaniya na Birazil, wasu sun kwaso tsohuwar na'urar asibiti mai Siziyom suka fasa, suka sayar wa ɗan gwangwan. Mutum 4 suka rasu. Tamu ba ta kama ƙafar waccan a ƙarfi ba, amma guduma ba ta san wannan ba.

Roƙonmu a sa sankira ya zaga kasuwa, a kuma kira shugabannin 'yan gwangwan da 'yan jari-bola. Duk wanda aka kawo wa ƙarfe mai alamar nan mai fuka-fuki uku kamar fanka, kada ya saya, kada ya fasa, ya nisanta yara, ya sanar da mai unguwa.

Bismillah, ranka ya daɗe, mu ƙarasa a gwada maka, amma daga bayan igiya.