Duniyar da ake kira madubi

Bilkisu: Jama'a assalamu alaikum. Tun makon jiya saƙonni ke ta shigowa kan duniyar nan da ake kira madubi. Malam Nura, kai ka tayar da zancen, bismillah.

Nura: LTT 9779 b ke nan, wata duniya da ke zagaye wani tauraro ba ranarmu ba. Na'urar hangen taurari ta Amurka, TESS, ce ta gano ta, aka sanar a 2020, sai a 2023 Cheops na Turai ya auna ƙyallinta. Kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da tauraronta ke zuba mata take mayarwa. Tamu duniyar 30 ne kacal. Zara ma, duk walƙiyarta, wajen 75.

Sani: Tsaya Malam. Abin da haskensa ke shekara 260 da ɗoriya kafin ya iso nan, wa ya gan ta balle ya auna?

Nura: Ai babu wanda ya gan ta! Tauraron ake zuba wa ido. Duk awa 19 take gama zagaye shi. To da ta ɓuya a bayansa, hasken da na'ura ke karɓa sai ya ɗan ragu, wannan giɓin shi ne nata kason. In ka kasa hasken gida miliyan, ɗari da 'yan kai ne ke ɓacewa. Wallahi nan ne abin ke burge ni, irin haƙurin da ake yi kan wannan ɗan ƙanƙanin bambanci.

Bilkisu: To me ke sa ta ƙyalli haka?

Nura: Gajimare, Malama, amma ba na ruwa ba. Ɓangaren da ke fuskantar tauraron zafinsa ya kai digiri 2,000. A irin wannan wuta bai kamata a ce gajimare ya haɗu ba. Sai masana suka ce sararinta ya cika maƙil da tururin sinadarin da ake yin gilashi da shi, da ƙarfen titaniyom, har ya rasa wurin zuwa ya dunƙule. Kuma duniyoyi irinta, masu girman Neftun da ke zagaye ranarmu, ba kasafai ake samunsu dab da tauraro haka ba, zafi kan kwashe musu iska. Ana ganin wannan gajimaren ne ke ba ta kariya.

Sani: Ni fa da na ɗauka farin wata ya fi kowa.

Nura: Wata? Kashi 12. Kamar tsohuwar kwalta yake.

Sani: Haba Malam! Watan da muka yi tashe da wasan ɓuya a ƙarƙashinsa?

Nura: Shi fa. Duhun dare ne ke fito da shi.

Bilkisu: Kar Inna ta ji wannan, ita da ke tsince shinkafa a farin wata.

Sani: A kan kwalta ke nan take tsincewa!

Bilkisu: Kai Sani, Allah ya shirye ka. Sabuwar kwalta ko mai ramuka?

Sani: Ai watan ma ramuka ne da shi.

Nura: To tunda kun kawo wata, ku lura ranar biyu ko uku ga wata bayan magariba. Ban da jinjirin mai haske, za ku ga sauran da'irar tana nan dishi-dishi, launin toka. Hasken rana ne da ya bugi tekunanmu da gajimarenmu, ya je wata, ya dawo idonmu. A cibiyar Big Bear da ke Kalifoniya sun bi wannan hasken daga 1998 zuwa 2017, suka ga duniyarmu ta ɗan dusashe, saboda raguwar gajimare a gabashin tekun Fasifik. Hasken da ba a mayar ba kuwa zafi ne ya zauna mana. Wannan ya fi damuna fiye da...

Bilkisu: Malam, lokaci. Mun yi alkawarin wata duniyar, TrES-2b.

Nura: Au, baƙar! Ko kashi ɗaya ba ta mayarwa, na'urar Kepler ce ta nuna haka a 2011. Dalilin kuwa...

Bilkisu: Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Sani, karanto gaisuwa guda biyu, mu tashi.