Kafin Ka Miƙa Makullin Motarka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Ka ɗauka yau Juma'a ce, ƙarfe huɗu ta gota, kana tsaye a ƙofar gidanka a Kubwa, Abuja. Corollarka ta sha wanki, sati biyu ke nan da ka ɗora hotunanta a shafin saye da sayarwa na Jiji da Facebook. Sai ga mutum ya iso cikin shadda mai maiƙo, da yaro a bayansa riƙe da waya. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ɗan shuri taya, ko bonet bai buɗe ba. Ka ce miliyan 8, ya taya 7 da rabi, ka ce albarka, ya ƙara dubu 300, ka sallama. Ya karɓi lambar asusunka, ya danna-danna, wayarka ta yi ƙara. Ga sunan bankinka, ga kuɗin cif. Ya ce, "Alhaji ka ga alat ko? Ba ni makulli don Allah, Kaduna zan kama, kada dare ya yi mini a hanya."

Hannunka na aljihu, yana kan makullin. Bar shi a nan tukuna.

Alat saƙon tes ne kawai. Akwai hanyoyin aika saƙo da ke bai wa mai aikawa damar rubuta sunan da ya ga dama a sama, kuma waya tana iya jera saƙon a ƙarƙashin tsofaffin saƙonnin bankinka na gaskiya, tunda sunan ɗaya ne. Shi ya sa ido ba ya rabewa. Rasit ɗin da ake turo maka ta WhatsApp kuwa hoto ne, yaron da ya iya waya zai haɗa maka irinsa kafin shayi ya huce. Wani ma rasit ɗin na gaske ne, amma na tiransifar da aka tsara za ta tafi gobe, wadda mai ita zai soke da zarar ya sha kwana.

Abin da za ka yi shi ne ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, a wayarka, ko ka danna lambar nan mai tauraro ta bankin, ka duba kuɗin da za ka iya cirewa yanzu-yanzu. Sun ƙaru da miliyan 7 da dubu 800? In ba su ƙaru ba, ba a biya ka ba. Tun 2011 NIBSS, cibiyar da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, ta shimfiɗa tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankunan Najeriya, kuma in komai na tafiya daidai cikin daƙiƙoƙi kuɗi ke faɗawa. Na san za a ce maka, "Wallahi an cire a wajena, netwok ne." Gaskiya ne hakan na faruwa, ba wanda bai taɓa cin karo da shi ba. Amma tambayi kanka, in tiransifa ta maƙale aka mayar da ita, asusun wa take komawa? Nasa. Shi ga kuɗi ga mota, kai ga hoton rasit.

Don haka in ka tambaye ni hanyar da na fi yarda da ita, tiransifa ce, amma wadda aka yi kuna zaune tare a cikin banki, ranar aiki, da hantsi. Ku haɗu a reshen bankinka ko nasa, a Wuse ko Garki ko nan Kubwa ɗin, duk inda ya fi muku sauƙi. Akwai kyamara, akwai masu gadi, kuma ma'aikaci zai duba kwamfuta ya faɗa maka kuɗin sun zauna, ya buga maka takarda in ka nema. Wannan kuma yana kashe wani uzurin da ake yawan kawowa, wato iyakar abin da manhaja ke barin mutum ya tura a rana. A cikin banki zai cike fom ya tura gaba ɗaya. In ya ce shi sai dai ya biya kashi uku cikin kwana uku, babu laifi, motar ta kwana uku a gidanka.

Yanzu ga inda ko masu wayo ke faɗawa, ku saurara da kyau. Kuɗi sun shigo, na gaske, ka gan su. Amma sunan wa ke kan tiransifar?

Akwai wata damfara mai ƙafa uku. Ɗan damfara ya kwafi hotunan motarka ya sake ɗora su da lambarsa, a farashi mai rahusa. Wani bawan Allah ya gani ya kira shi, ɗan damfarar ya ce masa, "Motata ce, tana wajen ƙanena, je ka duba, amma kada ka yi masa maganar kuɗi." Kai kuma ya kira ka ya ce shi dillali ne, zai turo mai saye, kada ka yi masa maganar farashi saboda la'adarsa na ciki. Ku biyu kuka haɗu, kowa ya yi gum. Mai saye ya ga mota ta yi masa, ya tura wa wancan kuɗin, ya juyo ya ce ka ba shi makulli. Kai ko sisi ba ka gani ba. Daga nan sai caji ofis, wancan kuwa wayarsa a kashe. Maganinta ba wuya: duk wanda ya zo duba mota, faɗa masa da bakinka cewa kai ne mai ita, ga sunanka a takarda, ga farashi, ga asusun da za a biya. Duk cinikin da aka ce kada ku yi maganar kuɗi, cinikin biri a sama ne.

Ɗaya fuskar ita ce kuɗi su shigo maka da sunan da ba ka sani ba. Zai iya zama asusun wani aka yi wa kutse. Mai asusun ya kai ƙara, banki ya bi sawun kuɗin, ya same su a wajenka, ya rufe asusunka ba cirewa. Mota ta tafi, kuɗi sun daskare, kai ne kuma za ka yi ta sintiri kana wa 'yan sanda ko EFCC bayani. Saboda haka sunan da ke kan tiransifa, da na katin NIN ko lasisin tuƙin mutumin, da wanda za a rubuta a takardar ciniki, su zama ɗaya. In ya ce yayansa ne zai biya masa, abu ne da muke yi kullum a cikin dangi, ba abin zargi ba ne. Yayan ya zo, ko ku yi kiran bidiyo ku ga juna, a rubuta sunansa a takardar a matsayin wanda ya biya.

Lakadan fa? Akwai dattawan da har gobe sun fi son su ƙirga abinsu da yatsa, kuma na fahimce su. Sai dai dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Motarmu ta miliyan 7 da ɗoriya ta riga ta wuce layin. In ƙaramar mota ce da ba ta kai haka ba, kada ka ƙirga a bayan but ko a falonka. Bandir ɗin 'yan dubu-dubu samansa da ƙasansa ne kawai ke gaishe ka, ba ka san me ke tsakiya ba, ga shi kuma mutane sun san ka kwana da kuɗi a gida. Ku je kan kanta, injin banki ya ƙirga, a zuba a asusunka, ka karɓi takarda. Wanda ya zo da dala ya bi ta wajen 'yan canji na Wuse Zone 4 ya canza tukuna.

Cek ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Kana iya ganin adadin ya bayyana a asusunka alhali ba a kai ga biyan cek ɗin ba, kuma wanda aka ba ka yammacin Juma'a ba za ka san gaskiyarsa ba sai an shiga sabon mako. Akwai dokar 1977 da ta tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya ba da cek ɗin da babu kuɗi a bayansa, amma kafin shari'a ta kankama an sauya wa motarka fenti. Har wanda banki ya rubuta da kansa ana buga jabunsa. In dole sai cek, mota ta jira shi.

Sai mai saye daga nesa, wanda bai taɓa ganin motar ba amma bai ko taya ba. Ya ce zai aiko direba. Can sai ga alat na miliyan 9 da kira cikin ladabi: "Yallaɓai kuskure na yi, don Allah mayar mini da rarar, ko ka ba direban." Kada ka mayar da komai. In da gaske kuɗin sun shigo, banki ne zai mayar da su inda suka fito. Haka duk wanda ya turo maka mahaɗi ya ce ka danna ka karɓi kuɗinka, ko ya nemi BVN, ko lambar da aka aiko maka a tes. Mai biyanka abu biyu kawai yake buƙata: sunan banki da lambobi goma na asusunka.

Akwai kamfanonin da ke riƙe kuɗi amana har sai mai saye ya karɓi kaya. Tsarin yana da kyau in kai ka binciko kamfanin da kanka. Wanda mai saye ya kawo maka, ka ɗauka ofishinsa na cikin wayarsa. Dillalan mota kuwa akwai na ƙwarai da yawa, wasu shekara ashirin suna wannan harka a bakin titin Kubwa ba a taɓa jin kansu da kowa ba. Duk da haka kuɗin mota asusun mai mota suke shiga, la'ada daga baya. Kafin alƙalami ma a rubuta shi: nawa ne, zuwa yaushe, me zai faru in an fasa.

Bayan kuɗi sun zauna ne ake sa hannu. A rubuta lambar mota, lambar inji da ta shasi, farashi, kwanan wata har da ƙarfe nawa aka miƙa makulli, shaidu biyu su sa hannu, ka riƙe kwafi tare da hoton katinsa. Takardun asali, musamman na kwastan, kada su bar hannunka kafin wannan lokacin, ko da sunan za a je a duba. Sannan ku nufi ofishin VIO da ke Mabushi a canza sunan mai mota, don in aka yi ɓarna da ita gobe, sunan da ke rajista za a fara nema.

Mu koma ƙofar gidan nan na Kubwa. Ba sai ka ɗaga murya ba, ba sai ka kira kowa ɓarawo ba, wataƙila ma mutumin kirki ne. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ban gan su a balas ba tukuna. Mota taka ce, na sallama, ba zan ba kowa ba. In sun faɗo yanzu ga makulli. In ba su faɗo ba, mu haɗu Litinin ƙarfe goma a banki, ka taho da katinka." Sai ka mayar da motar cikin gida ka ja get.