Man kamomil mai launin shuɗi: abin da ya yi wa hannuna da abin da bai yi ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryata, sanyin ƙasar nan ne ya kama ni. Ku matso ku ga wannan 'yar kwalbar, mililita 5 ce kacal. Bari in ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda. Kun gani? Shuɗi shar kamar tawadar biro. Ranar da na fara buɗe ta na ɗauka rini aka zuba a ciki, har na fara neman rasit in mayar.

Wannan shi ne tataccen man kamomil, furen da Larabawa ke kira babunaj. Furen kansa fari ne, tsakiyarsa rawaya, ko alamar shuɗi babu a jikinsa. Wajen tacewa launin yake fitowa. Ana zuba furen a babbar tukunya a saki tururi ya ratsa shi, tururin ya ɗebo man, a sanyaya, mai ya taso a kan ruwa a kwashe. A cikin furen akwai wani sinadari marar launi da ake kira matrisin, zafin tururin ne yake juya shi ya koma kamazulin, shi ne mai shuɗin. Man da ake samu kuma ɗan mitsitsi ne. Kilo guda na busasshen fure ba ya ba da abin da ya wuce 'yan mililita, shi ya sa kwalbar ba ta kai babban yatsana ba.

Kafin ku saya, ku juya kwalba ku karanta sunan Latin, domin kamomil ba ɗaya ba ne. Wannan nawa an rubuta Matricaria chamomilla, wanda ake kira na Jamus, kodayake Masar na cikin manyan masu noma shi. Yana da kauri, ƙamshinsa kuma, gaskiya, sai a hankali, kamar jiƙaƙƙiyar ciyawa da aka bari a buhu. Ga ɗayar kwalbar, Chamaemelum nobile, na Rum, wanda ake nomawa a Ingila da Faransa. Shi ruwa-ruwa ne, launinsa ba ya da ƙarfi, yana ƙamshin tuffa. Asalin sunan kamomil ma daga Girkanci yake, ma'anarsa tuffar ƙasa. In tsirran ne a gabanku, ku tsaga tsakiyar furen da wuƙa: na Jamus cikinsa kogo ne, na Rum a cike yake. Akwai kuma wani da ake sayarwa da sunan kamomil ɗin Maroko, wannan wata shuka ce daban.

To, me ya kai ni saye? Hannuna. Aikina na wanke hannu ne sau ba adadi, ga sanyi a waje, ga na'urar ɗumama ɗaki da ke busar da iska a ciki. Bayan hannun nan ya yi ja, ya tsattsage a gaɓoɓin yatsu, ƙaiƙayi ya hana ni sakat da daddare. Wata abokiyar aikina ce ta ce in gwada. Kamazulin da wani sinadarin da ake kira bisabolol, gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna suna rage kumburi, shi ya sa za ku ga bisabolol a jikin mayukan shafawa da yawa. Kwamitin masana magungunan tsirrai na gwamnatin Jamus ma ya amince da furen kamomil wajen kumburin fata tun tuni.

Sai dai ni da gaggawa na fara. Daren farko na ɗiga shi tsagwaronsa a kan tsagar, ban sirka da komai ba. Wayyo! Kamar na goga barkono. Wurin ya ƙara ja, ga tabon shuɗi a rigar matashina wanda har yau bai gama fita ba. Laifina ne, ba na mai ba.

Ga yadda nake yi yanzu, ku duba. Cokalin shayi biyu na man zaitun, wato mililita 10, sai ɗigo biyu na kamomil. Wannan ya kama kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Kun ga ya koma kore-kore. Kafin in shafa a hannu sai da na ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannuna na bar shi kwana ɗaya, ban ga komai ba, sannan na ci gaba. Cikin mako guda jan ya lafa, ƙaiƙayin ya ragu. Amma tsakani da Allah, a makon nan ne kuma na fara sa safar hannu wajen wanke-wanke, shi kansa man zaitun ɗin yana laushin fata, don haka ba zan ɗora wa kamomil dukan yabon ba.

Maganar cewa man yana sa barci kuwa, a nan ne masu talla suke haɗa hanya biyu, ta shayi da ta mai, su mayar da ita ɗaya. Sinadarin da ake danganta wa kwantar da hankali a kamomil shi ne apijenin, yana fita a shayi, amma ba ya tashi da tururi, saboda haka kusan babu shi a cikin kwalbar nan. Binciken da ake yawan ambata, wanda aka yi a Jami'ar Pensilbeniya a Amurka aka wallafa a 2009, mutum 57 masu fama da yawan fargaba aka gwada, kuma ƙwayoyin da aka haɗa daga furen aka ba su, ba mai ba. An ga ɗan sauƙi, ba warkewa ba. Ni ina ɗiga na Rum a ƙyalle in ajiye gefen gado saboda ƙamshin yana mini daɗi. Ranar da na kwanta da waya a hannu kuwa, ko kwalbar duka na juye, ido biyu nake kwana.

Wata baiwar Allah ta tambaye ni ko za ta iya ɗiga shi a shayi ta sha. Don Allah 'yar'uwa kar ki yi. Mai ba ya narkewa a ruwa, zai taso ne a sama ya ƙona miki baki da maƙogwaro. In ciwon ciki ne, shayin furen aka sani da shi. Ko a ruwan wanka ma sai an fara sirka shi da wani man.

Sannan ba kowa ba ne jikinsa ke karɓa. Kamomil dangi ɗaya ne da latas da wasu furanni masu sa atishawa da borin jini, wanda ya san irin waɗannan suna tayar masa, ya yi nesa da shi. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya fara tambayar likitansa. Mai juna biyu da jarirai ma haka. Kar ya kusanci ido, kar a zuba a buɗaɗɗen rauni, in fata ta fara ruwa ko ƙuraje suna yaɗuwa, asibiti za a tafi.

Bari in nuna muku wannan tsohuwar kwalbar da na manta a bakin taga. Kun ga ba shuɗi kuma, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, warinta ma ya canza. Haske da iska ne suka lalata ta, irin wannan ba na shafa shi. Sabuwar a firij nake ajiye ta, murfi a ɗaure tam, can sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Bari in mayar da ita tun kafin ta ji ɗumin fitilar nan. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya kai mu.