Fodkas: A buɗe asusun root a Ubuntu ko a bar shi a kulle?

Hauwa: Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Malam Sani, mutum ya saka Ubuntu, wato tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta, a kwamfutarsa, ya rubuta root zai shiga, ta ƙi shi. Matsala ta samu ne?

Malam Sani: Lafiyarta ƙalau, Hauwa. Haka take tun fitowarta a 2004. Asusun root yana nan, shi ne mai cikakken iko, amma ba a sa masa kalmar sirri ba, don haka ba a shiga da shi kai tsaye. Wanda ya saka tsarin shi ake bai wa izinin sudo, wato umarnin da ke ba shi damar yin aiki da ikon root daga nasa asusun.

Nura: Amma Malam, akwai gajiya fa. Duk abin da za ka taɓa sai ka nemi izini, kuma kwamfutar taka ce.

Malam Sani: Buɗewar ba wuya, Nura. Ka rubuta sudo passwd root, ka sa sabuwar kalmar sirri sau biyu, shi ke nan za ka shiga ta baƙin allo, inda ake rubuta umarni. Idan ta GDM kake so, wato allon shiga da ke fitowa in ka kunna kwamfuta, sai ka ƙara AllowRoot=true a /etc/gdm3/custom.conf, ka kuma kashe layin da ke hana root a /etc/pam.d/gdm-password.

Hauwa: Wanda yake shiga daga nesa fa?

Malam Sani: Nan ne hankalina ke tashi. A /etc/ssh/sshd_config ake mai da PermitRootLogin zuwa yes, kuma ina roƙon jama'a kada su yi haka a sabar da ke kan intanet. Sunan root duk duniya an san shi. Akwai manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, wadda ake shiga daga nesa ta ita, suna gwada kalmomin sirri. Idan da sunanka ne, sai ɓarawo ya canki abu biyu, suna da kalmar sirri. Da root kuwa ɗaya ya rage masa. Shi ya sa tun 2015 OpenSSH, manhajar shiga daga nesa, ya daina karɓar kalmar sirri ga root sai fayil ɗin mabuɗi, in ba kai ka canza ba.

Hauwa: Na tuna 2017, lokacin da aka gano a macOS High Sierra, tsarin kwamfutocin Apple, ana rubuta root a shiga ba kalmar sirri. Cikin gaggawa Apple ya fitar da gyara.

Malam Sani: Ƙwarai. Ga kuma batun amana. Ku uku ne a ofis, wani ya goge fayil. Idan da sudo ne, /var/log/auth.log zai nuna sunansa da lokacin da umarnin da ya bayar. Idan duk da root kuke shiga, wa za a tambaya?

Nura: To ni da nake da dogon aiki, yaya zan yi?

Malam Sani: Rubuta sudo -i, ka zama root, ka gama, ka fita da exit.

Nura: Wanda ya riga ya buɗe fa?

Malam Sani: Ya fara tabbatar da cewa asusunsa yana da izinin sudo, sannan ya kulle da sudo passwd -l root.