Kod 10 a takarda, 4 a hannu

Assalamu alaikum. Ɗauko jitarka ka zauna kusa, yau da hannu za mu yi aikin.

Dubi takardar nan da ke gaban kyamara. Wani yaro da nake koya wa jita ne ya kawo min ita, ya kwafo ta daga intanet. Waƙa ɗaya ce tal, amma ƙirga sunayen da aka jera: G, G6, C, Cadd9, Cmaj7, D, Dsus2, Dsus4, Em, Em7. Kod 10 ke nan, wato haɗe-haɗen sauti da ake kamawa da yatsu a kaɗa tare. Ya yi mako biyu yana fama, yatsunsa sun yi kanta, amma ya kasa haɗa baiti ɗaya ba tare da ya tsaya ba. Har ya fara cewa waƙar ta fi ƙarfinsa. Abin ya dame ni, domin na san ba ta fi ƙarfinsa ba. Takardar ce ta tsorata shi.

Na karɓi biro na ce ya rufe duk abin da ya biyo bayan harafin farko, ya bar ƙaramin m kawai in ya gan shi tsaye shi kaɗai ko da 7 a bayansa. Me ya rage? G, C, D, Em. Gida 4 ne, sauran duk 'ya'yan gidan ne da suka sauya riga.

Ga dalili. Kod na asali sauti 3 ne ake haɗawa. Kod ɗin C shi ne sautin C da E da G. In ka ɗora masa B, sunansa ya koma Cmaj7. In D ka ɗora, ya zama Cadd9. Amma C da E da G suna nan daram, ba inda suka je. Haka Em: E, G, B ne, ƙara D ya zama Em7. Wanda ya rubuta takardar ya zauna ne ya saurari duk wani ɗan motsin yatsa da makaɗin ya yi, ya raɗa wa kowanne suna. Bai yi ƙarya ba. Sai dai kai da kake koyo, tuwo kake nema tukuna, shi kuma ya fara miƙo maka yaji.

Saboda haka a rana ta farko, duk inda ka ga ɗan gidan C, kaɗa C. Duk inda ka ga Dsus2 ko Dsus4 a wannan waƙa, kaɗa D. Hannun da ke kaɗawa kada ya tsaya. Mai sauraro zai yafe maka in ka bar wani ɗan ado, amma da zarar kiɗa ya yanke kana laluben yatsu, kowa ya ji.

To, ga inda abin yake min daɗi. Ba kullum ne kod mai gajeren suna ya fi sauƙi ba. Wani lokaci mai dogon sunan nan da ya ba ka tsoro shi ne zai cece ka. Kalli hannuna da kyau. Muna ƙirga tsirkiya daga ƙasa ne, siririyar ita ce ta 1, mai kaurin ta 6. Na sa yatsan zobe a tsirkiya ta 2, firet na 3 (firet su ne layukan ƙarfen nan da suka raba wuyan jita gida-gida). Na sa ƙaramin yatsa a tsirkiya ta 1, firet na 3. Waɗannan biyun sun kafu kamar turke, ba za su sake ɗagawa ba.

Yanzu dogon yatsa a tsirkiya ta 6 firet na 3, manuniya a ta 5 firet na 2. Ga G. Ka ji shi? Sauko da yatsun nan biyu tsirkiya ɗaya ƙasa, dogo a ta 5, manuniya a ta 4, ka fara kaɗawa daga ta 5. Wannan Cadd9 ne, shi ɗin da ke takarda. Mayar da manuniya ta 5 firet na 2, dogo ya zauna ƙarƙashinta a ta 4 firet na 2: Em7. Ɗaga dogo gaba ɗaya, kai manuniya ta 3 firet na 2, ka kaɗa daga ta 4: Dsus4. Gidajen nan 4 duka mun zaga su, yatsu biyu kawai suka yi tafiya. Kuma da yake sautin D da G na siraran tsirkiyoyin nan biyu suna ta amsawa ba yankewa, sai ka ji kod ɗin sun manne da juna, kamar mai garaya da ya bar tsirkiya ɗaya tana gunji a ƙarƙashin waƙa.

Irin wannan zumuncin yana nan tsakanin C da Am. Manuniya da dogon yatsa ba sa motsi, yatsan zobe ne kaɗai ke tashi daga ta 5 firet na 3 ya koma ta 3 firet na 2. Na sha ganin masu koyo suna ɗaga hannu ɗungurungum su sake shiri daga farko. Ba sai ka yi haka ba.

Sai F, wanda ya sa mutane da yawa suka jingine jita a bayan ƙofa. Ba dole ne ka shimfiɗa manuniya kan tsirkiya 6 tun yau ba. Kama C, bar manuniya inda take, sauko da sauran yatsun biyu tsirkiya ɗaya ƙasa, kaɗa daga ta 4. Ya zama Fmaj7. In ka ji siririyar tsirkiyar tana karo da muryar mai waƙa, ɗan kwantar da cikin manuniya ya taɓa ta ta yi shiru. Abin da ya rage F da A da C ne, wato F cikakke.

Amma fa kama da wane ba ta wane. Saurari wannan: E. Yanzu na ɗaga yatsa ɗaya daga tsirkiya ta 3: Em. Yatsa ɗaya ne tsakaninsu, amma na farko fuskarsa a sake take, na biyu kuwa akwai damuwa a cikinsa. Meja da maina ke nan, kuma a nan ba a sassauci ko kaɗan. Shi ya sa na ce kada ka rufe ƙaramin m ɗin can. Kada kuma ka ruɗe da maj, shi ba maina ba ne. Haka C7 da Cmaj7: na farko B-filat yake ɗauke da shi, wato sautin da ke ƙasa da B da firet ɗaya, na biyu B. Kada ka sa ɗaya a gurbin ɗaya, in ka rasa yadda za ka yi ka koma C zalla. Shi kuwa sus ba meja ba ne ba maina ba, don haka duba maƙwabtansa a takardar. In Dm ne ke yawo a waƙar, Dsus ɗin ɗan gidan Dm ne, ba na D ba.

Masu layi a tsakiya, irin D/F# ko G/B, kaɗa na hagu kawai. Na dama sautin ƙasa ne, in akwai mai bes, wato jitar nan mai kaurin murya, aikinsa ne.

Wani zai ce to ai an rage wa waƙar armashi. Eh, an rage, na ɗan lokaci. Idan ka iya kaɗa ta daga farko har ƙarshe sau 3 a jere ba tsayawa, kunna waƙar ka kasa kunne. Akwai wurin da za ka ji wani abu ya ɓace, galibi inda ƙaramin yatsa ke sauka kan D ya tashi, domin a nan adon ne ke ɗauke da karin waƙar. Wannan shi za ka fara mayarwa. Ɗaya kawai a rana.

Yaron nan da na ba ka labari, da Dsus4 ya fara. Kafa turakunka biyu a firet na 3, mu tafi tare a hankali: G sau 4, Cadd9 sau 4, Em7 sau 4, Dsus4 sau 4. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.